Ƙusoshin da Na Danne a Gidan Ammu Bakur

Ranar da ayarinmu na Umara ya hau mota zuwa Jidda don komawa gida, ni ina cikin banɗakin wani masallaci na kulle ƙofa, wayata tana ta kaɗawa a aljihu. Shugaban ayari ne yake nemana. Na bar ta ta gaji don kanta. Shekarata arba'in da bakwai a lokacin, talatin daga ciki na yi su ina bugun ƙusa a Funtuwa, kuma na riga na gane cewa idan na tsaya jiran kujerar Hajji ta hanyar da kowa yake bi, sai dai 'ya'yana su yi mini bayan raina. Shi ya sa na sayar da injin yankan katakona na zo Umarar azumi da niyya guda: in laɓe a Makka wata biyu da 'yan kwanaki, in tsaya a Arfa, bayan nan duk abin da zai faru ya faru.

Wani ɗan garinmu mai suna Habu shi ya yi mini alkawarin ɗaki da takardar zama. Ɗakin kam na gan shi, a Ka'akiyya, can bayan gari inda haya take da sauƙi. Takardar da shi Habun ne ban sake gani ba har yau.

Mu goma sha ɗaya ne a ɗakin, da na'urar sanyi guda wadda tari kawai take yi. A kwana na uku na ga an fasa wa mutum baki saboda wurin kwanciya a ƙarƙashinta. Wani ƙato ɗan Agadas ya ɗauki butar shayi ta ƙarfe ya sauke wa wani Bazazzagi a fuska, haƙori biyu suka faɗo kan tabarma, Bazazzagin ya tsince su ya sa a aljihu. Babu wanda ya ɗaga murya, har shi wanda aka daka. Nan na koyi dokar farko ta mai zaman laɓe: ko yanka ka ake yi, ka yi shiru, domin ihu shi yake kawo askarawa, su kuwa idan sun zo ba sa tambayar wa ya fara. Kowa tarhil za a kai shi, gidan da ake tara marasa takarda kafin a mayar da su ƙasarsu.

Bayan ƙaramar Sallah aka tsananta kame. Wata ranar Talata da azahar muna cin gurasa da wake sai wani ya leƙo ya ce motoci sun tare bakin layi. Abin da na gani a matakalar gidan nan ba na son tuna shi. Mutanen da suka yi sahu ɗaya da asuba su ne suke taka wuyan juna. Wani ya ja ni ta baya na faɗi, aka bi ta kaina, ni ma da na miƙe na sa gwiwar hannu na ture wani tsoho ban waiwaya ba. Na haura katangar baya na diro kan rodin da ya fito daga wani gini da ba a gama ba, ya tsarga mini sha-raɓa tun daga ƙasan gwiwa. Wani Idi, mutumin Maraɗi, shi ya ja ni bayan tankin ruwa, ya zazzage mini kwalbar turare a kan ciwon, ina cizon hannun rigata, ya ɗaure da rawaninsa. Ya ce, "Daga nan kowa shi kama gabanai, ɗan'uwa. Mutum biyu sun cika yawa ga titi." Ban sake ganinsa ba.

Kwana biyu ina jan ƙafa daga wannan masallaci zuwa wancan har na tsinci kaina a Rusaifa. Rana ta uku bayan la'asar, ina zaune a sahun baya ina tunanin 'ya'yana da ƙamshin katakon shagona, sai wani dattijo baƙi, gajere, cikin farar jallabiya, ya tsaya a kaina ya nuna ƙasa da sandarsa.

"Ya waladi, wannan jinin da ke kan sijjada naka ne?"

Hausa ce, amma irin wadda na rabu da ji tun rasuwar kakata. Na ce nawa ne, Baba, a yi haƙuri, zan wanke.

"Ban ce ka wanke ba. Kai ɗan wane gari?"

Na ce Funtuwa. Ya ce bai san ta ba, shi a nan aka haife shi, ubansa ma haka, kakansa ne ya taso daga Kano da ƙafa. Ya tambayi sana'ata. Da na ce kafinta, sai ya yi dariya har da buga sanda. Ya ce, "Yalla, tashi. Allah ne ya jefo ka."

Sunansa Bakur, kowa a unguwar Ammu Bakur yake ce masa, wato baffa da Larabci, ni ma na bi sahu. Ya yi shekaru yana tuƙa motar alhazai kafin ya ajiye aiki. Matarsa, Hala Zainaba, hala kuwa inna ke nan a bakinsu, ciwon suga ya ci ƙarfinta, ido ya yi rauni, tana tafiya da sandar ƙarfe mai ƙafa huɗu, kuma hawa bene ya gagare ta. Shi ne ya ƙudurta zai mayar mata da wani tsohon ɗakin ajiya da ke tsakar gida ya zama ɗakin kwana, kuma ya rantse da hannunsa zai yi, ba zai kira kamfani ba. Kullum yana zaune da waya yana kallon yadda ake yi. Ya ba ni ɗan ɗaki kusa da tanki, ya kira wani maƙwabcinsa mai aikin jinya ya ɗinke mini ƙafa. Hala Zainaba ta aiko mini da tuwon shinkafa da miyar kuka, na ci ina share hawaye da kafaɗa, ina yi kamar yaji ne.

A kan wannan tuwon na gaya masa abin da ya zaunar da ni. Ya ce yana da aboki mai ɗaukar ma'aikatan girki da shara a tantunan Arfa. "Ka taya ni mu gama ɗakin Zainaba, ni kuma in sha Allahu zan sa ka cikin masu wanke tukwane. Ka wanke tukunya, ka ɗaga hannu ka roƙi Ubangijinka. Amma kafin nan, ko ƙofar gida kada ka leƙa sai da ni."

Matsalar gidan ɗaya ce, ɗansu Fahad. Ya kai shekara talatin, dogo, mai faɗin ƙirji, Hausarsa ba ta wuce ta zagi da ta neman abinci ba. Ranar da ya fara ganina ya dubi ubansa ya yi ta zuba Larabci, ni dai kalmar takari kawai na tsinta, sunan da suke kiran irinmu da shi. Da tsohon ya juya baya, ya kama wuyan rigata ya manna ni da bango har ƙafafuna suka bar ƙasa. Ya ce, "Ka taɓa abu a gidan nan, wallahi na yanka ka." Na ga yadda ya yi da wani direba da ya tare masa ƙofar gareji: ta taga ya jawo shi. Amma in faɗi gaskiya, ban taɓa ganin ɗa mai son uwarsa kamar Fahad ba. Shi yake yanke mata farce, shi yake goya ta ya sauko da ita daga bene.

Kayan aikin mun sayo su ne a wani shago a bakin babban titi. Mai jiran shagon wani siririn Bangali ne, ɗan ƙasar Bangaladash, mai suna Shafik, wanda da ya ga ina ɗingishi ya jawo mini kujera ya ba ni ruwa mai sanyi. Kaya iri biyu ne. Akwai dogayen farantan roba da ake lulluɓe bango da su ta waje don su kare zafi, akwai kuma ledar ƙasa da suke kira finil. Ba irin tamu ta naɗi ba ce da ake shimfiɗawa a danne gefe da gado. Wannan falanki-falanki take, kowane yana maƙalewa da ɗan'uwansa, ga taushi a ƙafa, ba ta da santsin tayil.

Da muka jera katako a bango muka zo kafa farantan, na ɗauki guduma na sauke wa ƙusar farko bugu uku ta nutse. Ammu ya riƙe mini hannu.

"La, la. Zare ta. Ka ga ramin ƙusar dogo ne? A tsakiya za ka sa, kuma kada ka danne. Ka bar kanta yadda farce zai shiga. Farantin ya riƙa motsi."

Na ce, "Ammu, motsi kuma? A bango?"

"Roba ce, ya waladi. Rana ta buga ta sai ta miƙe, sanyi ya zo ta koma. Ka bar mata wurin numfashi."

Haka ya ce a ƙasa ma. Duk inda leda ta zo kusa da bango sai a bar tazarar yatsa guda, wai daga baya a rufe da ƙaramin katako. Na yi yadda ya ce, amma raina yana tafasa. A Funtuwa idan kafinta ya bar ƙusa tana rawa, yaran shago ma dariya za su yi masa. Maigidana da ya koya mini aiki yakan bi rufin da muka buga yana shafa kan kowace ƙusa da tafin hannu, wadda ya ji ta ɗago kuwa, da ƙeyarka za ka biya. Ni da na rufa gidaje da masallatai iska ba ta taɓa ɗage mini kwano ko ɗaya ba, yau direban mota ne zai koya mini riƙon guduma daga abin da ya gani a waya. A zuciyata na ce aikin ragwaye ne, an ƙirƙiro masa dalili.

Muka gama cikin kwana tara. Washegari Ammu da Fahad suka kai Hala Zainaba asibiti a Jidda a duba mata ido, za su kwana biyu a gidan 'yarsu. Aka bar ni ni kaɗai da guduma.

Wallahi da niyyar alheri na yi. Na dubi ɗakin na ce matar da ta ba ni tuwo ba za ta kwana cikin aikin da ke rawa ba. Na bi farantan nan ɗaya bayan ɗaya na ɓalle su, na danne kowace ƙusa har ta cije roba, na mayar. Na cire katakon gefen ƙasa, na yanko ƙananan gutsattsarin leda na cusa a duk tazarar da muka bari, na dake su da guduma har ko allura ba za ta shiga ba. A bakin ƙofa ma na ƙara ƙusa huɗu ta ƙarƙashin ƙarfen dokin ƙofa. Na mayar da komai yadda ido ba zai gane ba. Na tsaya na tura bango da hannu, ko gezau. Ranar na yi barci da daɗin rai.

Sati guda bayan Hala Zainaba ta tare a ɗakin, zafi ya sauko irin wanda ko tsuntsu ba ka gani a sama. Farantan bangon da ke kallon yamma suka fara yin ciki, suna lanƙwasa. Ammu ya tsaya yana kallo yana shafa gemu, ya ce ko dai ya yi kuskuren awo ne. Ni na san abin da na gani, amma na ce a raina bango ne, ba zai kashe kowa ba. Ban tuna da ƙasa ba. Ƙofar ɗakin ta gilashi ce, rana tana shigowa ta nan tun daga azahar ta kwanta a kan leda.

Ranar huɗu ga watan Hajji, da la'asar, ina wanke kwanuka a tsakar gida na ji ƙarar ƙarfe, sannan wani sauti mai nauyi kamar an yar da buhu. Ledar ta rasa inda za ta miƙe, sai ta tashi a bakin ƙofa ta yi tudu. Hala Zainaba ba ta gani ba. Ƙafar sandarta ta sarƙe, ta tafi gaba ɗaya, goshinta ya daki ƙarfen ƙofa, ƙugunta ya daki dakali. Da na iso jini ya rufe mata fuska yana bin ramukan ledar, ƙafarta ɗaya ta juya ta inda ƙafa ba ta juyawa. Ba ta yi kuka ba, sunan Allah kawai take kira a hankali. Ammu ya durƙusa ya tallafi kanta, jini yana jiƙa masa jallabiya, yana cewa, "Ni ne, Zainaba, ni na yi miki. Da na kira masu aikin."

Ina tsaye a kansu na ji wannan magana, kuma na yi shiru. Kwana biyar ya rage a hau Arfa. Sunana yana cikin takardar masu wanke tukwane. Na ce wa kaina bayan Hajji zan faɗa, in durƙusa in nemi gafara. Na ji kunyar kaina, amma na yi shirun.

Likita ya ce ƙashin ƙugu ya karye, sai an yi aiki. Washegari da hantsi Fahad ya dawo daga asibiti idonsa jawur. Ya shiga ɗakin ya sa ƙafa ya ɓalle falankin da ya tashi, ya jujjuya shi. Shi a ganinsa ubansa ba ya kuskure, don haka kayan ne na jabu. Ya fizgo ni ya jefa a mota. "Kai ka ga kaya. Kai shahid, shaida. Yalla."

Shafik yana jera gwangwanayen gam lokacin da muka shiga. Ya gan ni ya yi murmushi, har ya kai hannu zai jawo kujera. Da gefen falankin Fahad ya sauke masa a fuska, hancin ya fashe nan take. Shafik ya faɗi cikin gwangwanaye yana kare kai, Fahad ya bi shi da ƙafa, a ciki, a haƙarƙari, a baki. Falankin ya karye, ya jawo wani guntun ƙarfe na dokin ƙofa daga kan kanta. Shafik yana ta cewa, "Malish, mudir, malish," yana ba da haƙuri a kan abin da bai san ko mene ne ba. Na lura shi ma ba ya ihu. Na gane irin shirun, domin irin nawa ne.

Ƙofa tana bayana a buɗe. Da na fita na bi layi na koma gida, da babu wanda zai tuna da ni. Na ma juya. Sai na ji ƙarfen ya sauka a kan wani abu da ya yi ƙara, na waiwaya na ga hannun Shafik ya lanƙwashe. Na tambayi kaina da wane hannu zan roƙi Allah nan da kwana huɗu, idan aka kashe bawan Allah a kan ƙusar da ni na buga. Tsoro nake ji kamar in yi fitsari a wando, amma na riƙe ƙarfen ta baya.

Na ce, "Fahad, ni ne. Ana. Ni na danne ƙusa, ni na toshe gefen. Ranar da kuka tafi Jidda."

Bai gane duka ba, sai da na nuna masa da hannu yadda na buga. Na ga lokacin da maganar ta shige shi. Ya saki Shafik ya juyo.

Bugun farko a kunne ya same ni, duniya ta yi shiru ta gefe guda. Na biyu ya buɗe ɗinkin ƙafata. Na faɗi, ya taka mini wuyan hannun dama ya danne shi a kan siminti, ya miƙa hannu kan kanta ya ɗauko guduma sabuwa, da takardar farashinta a jiki. Ya ce, "Da wannan? Da wannan hannun?" Sau uku ya sauke ta. Na yi niyyar yin shiru kamar yadda na koya a Ka'akiyya, kuma na iya a bugun farko. A na biyu na kasa. Ihun da na yi shi ya tara mutane, mutane suka kira askarawa.

Suka tafi da mu duka uku. Aka kai ni da Shafik asibiti, aka ɗaure mini yatsu uku da suka farfashe. Da aka tambaye ni igama, wato takardar zama, na ce babu. Daga nan maganar ta ƙare.

Ammu Bakur ya zo ofishin askarawa kafin a wuce da ni tarhil. Ya rame cikin kwana biyu. Ɗansa yana tsare a ɗaki na gaba, matarsa tana jiran aiki a asibiti. Na kasa kallonsa. Ya daɗe yana duban hannuna.

Ya ce, "Na ce maka ka bar mata wurin numfashi."

Na ce, "Ka faɗa, Ammu. Na ɗauka na fi ka sani."

"Ka fi ni sanin katako." Ya ajiye jakata a gabana. "Zainaba ta ce in gaya maka ta yafe. Ni ban kai nan ba tukuna, ka yi mini uzuri."

Sai da aka kai ni tarhil na buɗe jakar. A saman kayana akwai harami sabo fil a cikin ledarsa, fararen mayafai biyu da ya saya mini tun kafin abin ya faru. Wani Basakkwace da muke ɗaki ɗaya ya yage gefen ɗaya ya rataye mini hannu a wuya da shi. Da aka zo ɗaukar hoton yatsu, ma'aikacin ya rasa yadda zai yi da na dama, ya ɗauki biyun da suka rage. Ya gaya mini ba zan sake shigowa ƙasar ba sai bayan shekaru masu yawa. Na lissafa shekaruna a kai, ban ƙarasa lissafin ba.

Ranar tara ga wata aka kunna mana talabijin a babban zaure. Ga Arfa nan, fari fat da mutane, hannaye a sama, ga tantuna, har ina cewa ko zan hango inda ake wanke tukwane. Tsakanina da wurin bai kai tafiyar awa biyu a mota ba. Da aka kawo abincin rana na ce a ba wani. Wanda yake tsaye a Arfa ba ya azumi ranar, azumin na waɗanda ba su je ba ne, kuma tun ina saurayi ban taɓa barin shi ya wuce ni ba a Funtuwa. Na zauna ina kallo har rana ta faɗi alhazai suka fara gangarawa. Basakkwacen ya miƙo mini dabino da kofin ruwa, na karɓa da hagu na sha.